Tambayoyi da Amsoshi Kan Labaran Kimiyya, Zamanin Tururi da Tsofaffin Littattafai

Tambayoyin nan ba a zama ɗaya aka yi su ba. Wasu sun fito daga ɗaliban da muke zaman karatu da su ranar Asabar bayan la'asar a nan cikin birnin Katsina. Wasu kuma matasan marubuta ne, yawancinsu mata, suka turo su ta WhatsApp daga Daura, Mani, Dutsin-Ma da Funtuwa. Na bar kowace tambaya kusan yadda mai ita ya yi ta.

Malam, mene ne ƙagaggen labarin kimiyya, kuma me ya raba shi da tatsuniya ko labarin aljanu?

Abin da ya raba su shi ne tambayar "ta yaya?" A tatsuniya idan tabarma ta tashi sama da Gizo, ba wanda zai tsayar da kaka ya ce ta yi bayani. An yarda, an wuce, kuma daɗin abin ke nan. A labarin kimiyya kuwa, in abu ya tashi sama, dole a sami dalilin da hankali zai kama. Wataƙila an cika shi da iskar da ta fi wadda muke shaƙa rashin nauyi. To ke nan akwai iyakar kayan da zai iya ɗauka, zai iya hudewa, guguwa za ta iya karkatar da shi. Marubuci ya kafa wa kansa doka, kuma ba shi da ikon karya ta don kawai jaruminsa ya shiga tsaka mai wuya.

Ga misali daga gida. A ce a shekarar 1850 wani maƙeri a Katsina ya ƙera injin da ke jawo ruwa daga rijiya mai gaba talatin ba tare da guga ba. Abu ɗaya tak ka canza a tarihi. Yanzu bi sawunsa. Ina masu jan ruwa za su ci abinci? Rijiyar ta wa ce, ta unguwa ko ta wanda ya biya maƙeri? Sarki zai sa mata haraji? Fataken da ke zango a bakin ƙofa za su sauya hanya saboda ita? Ran da injin ya lalace kuma maƙerin ya rasu, wa ya san sirrinsa? Amsoshin nan su ne labarin. Injin ƙofa ce kawai da aka shiga ta cikinta.

Wannan ba ya nufin labarin aljanu ya gaza. Kowanne da gonarsa.

A ina wannan salo ya faro?

Masana da yawa suna kafa tushensa na zamani a kan littafin Frankenstein na Mary Shelley, wanda ya fito a 1818. Ta fara rubuta shi a 1816 a bakin tafkin Janeba, tana da shekara 18. Labarin wani ɗalibi ne da ya harhaɗa halitta ta hanyar bincikensa, da ya ga abin da ya yi sai ya tsorata ya gudu ya bar ta, kuma gudun nan ne ya jawo bala'in duka. Daga nan sai Bafaranshe Jules Verne, wanda ya rayu daga 1828 zuwa 1905. Shi ne ya rubuta tafiya zuwa cikin ƙasa a 1864, tafiya zuwa wata a 1865, da labarin Kyaftin Nemo da jirginsa mai tafiya a ƙarƙashin teku wajen 1870. Sai Baturen Ingila H. G. Wells, mai labarin na'urar ratsa zamani na 1895 da labarin harin halittun duniyar Mas na 1898. A 1926 Hugo Gernsback ya kafa mujallar Amazing Stories a Amurka, wadda ba ta buga komai sai irin waɗannan labarai, kuma sunansa aka sa wa babbar lambar yabo ta Hugo.

Amma kada ka ɗauka Turawa kaɗai suka yi wannan tunani. A cikin Dare Dubu da Ɗaya akwai dokin katako da ke tashi sama, kuma ba da tsafi yake tashi ba: akwai maɓallin da ake murɗawa ya hau, akwai wanda ake murɗawa ya sauka, har ɗan sarki ya kusa halaka saboda ya hau bai tambayi na saukar ba. A 1905 wata Musulma 'yar Bangal, Rokeya Sakhawat Hossain, ta rubuta gajeren labarin wata ƙasa da mata ke mulki, inda suke girki da zafin rana da suka tara, suke ɗebo ruwa daga gajimare.

Wannan "sitimfank" da nake gani a intanet fa, mece ce ma'anarta?

Reshe ne na labarin kimiyya da ke komawa ƙarni na 19, zamanin Sarauniya Biktoriya ta Ingila wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901, lokacin da tururi ne ƙarfin duniya. Marubucin sai ya tambayi kansa: da a ce ba a koma ga fetur da lantarki ba, tururin nan aka ci gaba da hore wa komai, yaya duniya za ta kasance? Sai ka ga jiragen sama masu kama da katon balan-balan, mutum-mutumin tagulla da ake ɗaure wa zare kamar agogo, da kwamfuta mai faifaye masu haƙora a madadin wayoyi. Wani marubuci, K. W. Jeter, ne ya ƙirƙiro kalmar a wata wasiƙa da ya aika wa mujallar Locus a 1987, shekarar da aka ba mu jihar Katsina. Rabin farko na kalmar tururi yake nufi, rabi na biyu kuma yana nuni ga matasa masu bijire wa tsarin da suka tarar. Ni a Hausa na fi son in ce labaran zamanin tururi.

In kina son ki fahimci injin tururi, 'yar'uwa, ba sai kin je ko'ina ba. Ki tsaya kusa da mai dambu. Ta ɗora madambaci a kan tukunya, ta liƙe mahaɗar da ƙullu ko tsumma don kada tururi ya zurare, ta rufe da faifai. Can sai ki ga liƙin yana tsattsagewa, tururi na fita da huci. Ruwa in ya zama tururi yana neman wuri kusan ninki 1,700 na wanda yake ciki a da. Idan aka tsare shi a tukunyar ƙarfe aka bar masa hanya ɗaya, zai tunkuɗa fistin, fistin ya juya ƙafa, ƙafa ta ja jirgi. Thomas Newcomen ya yi amfani da tururi a 1712 wajen kwashe ruwa daga ramukan haƙar ma'adinai, James Watt ya gyara injin ya rage masa cin kwal a 1769, zuwa 1825 jirgin ƙasa mai tururi ya fara ɗaukar fasinja a Ingila.

Maganar kwamfuta mai haƙora kuwa ba ƙage ba ce gaba ɗaya. Charles Babbage ya zana na'urar lissafi ta ƙarfe zalla, bai samu ya kammala ta ba har ya rasu a 1871. Ada Lovelace ta rubuta bayanin yadda za a ba irin wannan na'ura umarni tun 1843. A 1991 gidan tarihin kimiyya na Landan ya ƙera ɗaya daga cikin na'urorin Babbage bisa zanensa, ta kuma yi aiki. Littafin The Difference Engine na William Gibson da Bruce Sterling, na 1990, a kan wannan ya ginu: da Babbage ya yi nasara tun a zamaninsa, me zai biyo baya?

Me ya sa masu wannan abin suke sa wasu irin kaya, da tabarau a goshi?

Domin abin ya wuce littafi ya zama al'ada. Suna ɗinka tufafin zamanin Biktoriya, doguwar hula da kwat da falmaran, su ƙara da fata da tagulla da tabarau irin na masu walda. Suna taruwa a bukukuwa, ɗaya daga cikin manyansu a garin Linkon na Ingila ake yinsa duk shekara. Abin da ya fi burge ni a cikinsu shi ne son aikin hannu. Mutum zai kwance madannin kwamfutarsa ya sake masa jiki da katako da tagulla, saboda yana son na'urar da zai ga cikinta, ya gane ta, ya gyara ta da kansa.

Wannan ɗabi'ar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Yaron da ya fere karan dawa ya yi mota har da sitiyari, ko ya yanka gwangwanin madara ya yi mata ƙafafu, ɗan gidan ne. In kuwa ado kake nema, ka tsaya a Ƙofar Soro ranar hawan Salla, ko ka je Daura lokacin Sallar Gani. Ka dubi 'yan lifida da 'yan sulke, kwalkwali da gashin jimina, kayan doki na jar fata da azurfa, da 'yan bindiga cikin hayaƙin albarushi. Wanda yake da wannan ba ya buƙatar aron doguwar hula.

Akwai irin waɗannan labarai da Hausa kuwa?

Akwai. Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969, shekarar da ɗan Adam ya taka wata. Labarin yaro ne, Kilba, da wani baƙo daga sama ya ɗauke shi ya zaga da shi sararin samaniya. Duk mai son rubuta labarin kimiyya da Hausa ya kamata ya fara neman wannan littafi.

Kafin shi kuma akwai littattafan gasar 1933 da Hukumar Fassara ta shirya a ƙarƙashin Rupert East, kuma mu Katsinawa muna da babban rabo a cikinsu. Abubakar Imam ya yi karatu a Kwalejin Katsina, yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja. Yayansa Malam Bello Kagara, wanda ya zama Walin Katsina, shi ya rubuta Ganɗoki. Abubakar Tafawa Ɓalewa, mai Shaihu Umar, shi ma ɗalibin Kwalejin Katsina ne. Ruwan Bagaja da Ganɗoki ba labaran kimiyya ba ne, na kasada ne da al'ajabi, amma su suka nuna cewa Hausa na iya ɗaukar mai karatu ta fitar da shi daga garinsu ta kai shi inda bai taɓa zato ba.

Ni sabon abu nake son rubutawa. Me zan tsinta a tsofaffin littattafai?

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ki ɗauki Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, ki karanta shi karatun mai koyon sana'a. Imam ya ɗebo labarai daga Larabawa, Indiyawa da Turawa, amma in kina karantawa ba za ki ji ƙamshin baƙunta ba. Ya sauya sunaye, ya sauya abinci, ya sauya yadda ake gaisuwa da yadda ake zagi, ya sa waziri da fadawa, ya sa aku ya riƙe zaren duka. Aikin da ke gabanki ke nan. Za ki ari tunanin jirgin sama ko mutum-mutumi daga wani wuri, amma mutanen da ke cikin jirgin su yi magana kamar 'yan Rafindaɗi, su yi gardama a kan kuɗin cefane, su tsaya su yi salla.

Daga Verne ki koyi haƙurin bayani, yadda yake lissafa nauyin kaya da yawan guzuri har ki yarda tafiyar za ta yiwu. Daga Wells ki koyi taƙaitawa da tsoratarwa. Daga Shelley ki koyi cewa tambayar da ta fi nauyi ita ce haƙƙin da ke kan mai ƙira game da abin da ya ƙera.

An ce Jules Verne ya yi rubutu a kan ƙasarmu. Gaskiya ne?

Gaskiya ne. Littafinsa na farko da ya yi suna, na 1863, labarin Turawan Ingila uku ne da suka ratsa Afirka cikin mako biyar a balan-balan mai suna Biktoriya. Sun tashi daga Zanzibar, suka bi ta kan tafkin Chadi da Damagaram da Timbuktu, suka ƙare a Sanagal. Verne bai taɓa zuwa nan ba. Ya dogara ne da rubutun matafiya irin su Heinrich Barth, Bajamushen da ya kira kansa Abdulkarim, wanda ya iso Katsina a 1851.

Ka karanta shi, amma idonka a buɗe. A littafin, Turawa ne a sama suna kallo, mu kuma muna ƙasa, ko muna gudu, ko muna harbi, ko muna sujada ga balan-balan. Ba a ba wa ko ɗayanmu bakin magana irin na mai hankali ba. Wannan shi ne ciwon da ke cikin labaran zamanin tururi baki ɗaya, kuma ba na son matasanmu su ruɗu da ƙyallin tagulla su manta shi. Tururin da ya burge Landan shi ya kawo mana mulkin mallaka. A 1832 jiragen ruwa biyu masu tururi suka shigo kogin Kwara a tafiyar Macgregor Laird da Richard Lander. Ɗaya sunansa Quorra, wato Kwara, ɗayan kuma Alburkah, daga kalmarmu ta albarka. Zazzaɓi ya kashe mafi yawan Turawan da ke ciki. A 1854 jirgin Pleiad ya hau Binuwai, mutanensa suna shan kwinin, suka koma ba wanda ya mutu. Daga nan ƙofa ta buɗe. Zuwa 1903 Kano da Sakkwato da Katsina sun shiga hannu, a 1911 dogo ya iso Kano don kwasar auduga da gyaɗa zuwa teku.

Wells ya fi Verne ganin wannan. Tun a babin farko na labarin harin halittun Mas ya tunatar da mutanensa irin kisan da Turawa suka yi wa 'yan asalin tsibirin Tasmaniya na Ostireliya, kafin ya sa Landan ta ɗanɗana yadda ake ji idan baƙo mai makamin da ya fi naka ya sauka a ƙofarka.

Ga kuma wani da nake so kowane marubucinmu ya sani. Dorugu yaro ne Bahaushe daga ƙasar Damagaram, wanda ya bi Barth har Turai a 1855. Ya ga Landan ta zamanin Biktoriya da idonsa, ya ba da labarin abin da ya gani da Hausa, J. F. Schön ya rubuta, aka buga cikin Magana Hausa a 1885. Wato muna da Bahaushen da ya kalli Turawa kamar yadda suka kalle mu. Jarumin labarin zamanin tururi na Hausa yana nan a tarihi yana jiran mai ɗaukarsa.

To za a iya kafa labarin zamanin tururi a Katsina ko Daura, alhali ba mu da kwal ba mu da babban kogi?

Rashin nan shi ne arzikin labarinka. Wata ɗaliba ta taɓa kawo mini rubutu mai shafi goma sha biyu a littafin makaranta. Ta ƙirƙiri wani jirgin tudu mai tururi da ke ɗaukar fatake daga Katsina zuwa Agadas cikin kwana uku. Bayanin jirgin ya yi kyau, har da rumfar fata da kujerun mata a baya. Na tambaye ta abu ɗaya: "Ƙanwata, ruwan da tukunyar ke sha, daga ina?" Ta yi shiru, ta naɗe littafinta ta tafi. Bayan mako uku ta dawo da wani labari dabam. Yanzu jirgin sai ya tsaya a kowace rijiya, kuma rijiyoyin na Buzaye ne masu raƙuma, waɗanda jirgin ke kashe wa sana'a. In ya sha, dabbobi ba za su sha ba. Jarumar ta koma 'yar mai gadin rijiya, wadda dole ta zaɓa tsakanin kuɗin madugu da garken kawunta. Tambaya ɗaya ta fasaha ta haifar da labarin mutane.

Maganar makamashi ma akwai mafita a tarihi. Kwal ɗin Najeriya a Inugu yake, nesa da mu. Itace kuwa, in ka ce da shi za a ciyar da inji, to ka rubuta yadda dajin Rugu zai ƙare. Amma muna da rana. Augustin Mouchot ya nuna injin tururi mai aiki da hasken rana a baje kolin Faris na 1878, har ya yi ƙanƙara da shi. A 1913 Frank Shuman ya kafa dogayen madubai a Ma'adi kusa da Alƙahira, suna tafasa ruwa suna juya famfon ban-ruwa daga kogin Nilu. Ka ɗauko madubin nan ka ba maƙeran farin Katsina.

Magabata ma muna da su. Al-Jazari, wani injiniya Musulmi, ya kammala littafinsa na na'urori a 1206, a ciki akwai agogon giwa, wanda ke aiki da ƙwarya mai huda da ke nutsewa a ruwa duk rabin sa'a ta ja igiya. Kuma ɗan garin nan, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi, ya rubuta littafi a 1732 kan hanyoyin tsara hatimin lissafi, wanda ko ta ina ka tara lambobinsa jimla ɗaya za ka samu. Ya rasu a Alƙahira a 1741. Ka haɗa almajirin irin wannan malami da ɗan maƙeri, ka ba su ɗaki a gindin Hasumiyar Gobarau. A Daura ma, labarin Bayajida bai cika ba sai da maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa kafin ya tunkari macijin Kusugu. Tun asali, labarinmu na ƙarfe ne da rijiya.

Malam, ba saɓa wa addini ba ne mutum ya rubuta abin da zai faru nan da shekara ɗari, ko halittun wata duniya?

Fatawa ta malamai ce, kuma ina ba kowa shawara ya kai wa malaminsa abin da ya shige masa duhu. Abin da zan faɗa a matsayina na mai karatu shi ne, marubucin nan ba da'awar sanin gaibu yake yi ba. Misali yake bugawa, shi da mai karatu duk sun san ƙage ne, kamar yadda manomi ke cewa "in damina ta yi gardama bana, me za mu ci?" Manyan malaman Musulunci sun yi amfani da ƙagaggen labari don koyarwa. Ibn Ɗufail na Andalus ya rubuta Hayyu bin Yaƙzan a ƙarni na 12, labarin yaron da ya tashi shi kaɗai a tsibiri ya kai ga sanin Mahalicci ta hanyar lura da halitta. Kuma mafi yawan manyan labaran kimiyya gargaɗi ne a kan girman kan ɗan Adam.

Yaya zan yi da kalmomin da babu su a Hausa?

Ki bi hanyar da kakanninmu suka bi. Da suka ga abin da ke tafiya a kan dogo, ba su ari sunan Bature ba. Sun san jirgi na ruwa, sai suka ce jirgin ƙasa. Da jiragen farko suka sauka a Kano a 1925 aka ce jirgin sama. Haka aka samu wayar tangaraho, wayar iska, tauraron ɗan Adam, jirgi mai saukar ungulu. Kowanne hoto ne da ido ke gani.

Ki tambayi kanki: wa ya fara ganin na'urar nan a labarina, kuma da me zai kwatanta ta? Mutane ba sa kiran abu da sunan da mai ƙira ya ba shi, laƙabi suke sa masa. In kalmar aro ta riga ta zauna, kamar inji, fistin, batir ko famfo, ki bar ta. Abin da ke kashe labari shi ne a jera kalmomin Turanci uku a jimla ɗaya don a nuna an yi boko.

Ban karanta kimiyya a makaranta ba. Zan iya?

Za ka iya. Verne lauya aka so ya zama, shari'a ya karanta. Abin da kake buƙata shi ne ka san abu ɗaya sosai. Ka je maƙera ka roƙi izini ka zauna wuni guda. Ka ga yadda yaro ke danna zugazugi hannu bayan hannu, gawayi na sauya launi daga ja zuwa fari. Ka ga maƙeri ya ciro ƙarfe da awartaki, ya ɗora a uwar maƙera, ya sauke masa masaba, ya tsoma a ruwa ya yi ƙara. Ka tambaye shi yadda yake gane ƙarfe ya nuna ba tare da ma'auni ba. Gobe ka je wurin mai injin niƙa ka ga yadda bel ke tsinkewa da yadda ake ɗinke shi. Mai karatu zai yarda da jirginka na sama idan ya ji ƙaurin gawayi ya ga tabon ƙuna a hannun wanda ya ƙera shi.

Su wa ke irin wannan rubutu a kan Afirka yanzu?

Nnedi Okorafor, wadda iyayenta 'yan Najeriya ne, ta ci lambobin Hugo da Nebula da gajeren littafinta Binti na 2015. A Lagoon na 2014 kuma, a Legas baƙin sama suka sauka. Tade Thompson ya kafa Rosewater a Najeriyar 2066, ya ci lambar Arthur C. Clarke a 2019. A ɓangaren tururi, Everfair na Nisi Shawl, 2016, ya sake rubuta tarihin Kwango ta zamanin Sarki Liyofol na Beljiyam. A Master of Djinn na P. Djèlí Clark, 2021, ya kai mu Alƙahira ta 1912 inda aljanu da injuna ke zaune tare, Masar kuma ta kori Turawa. Duk da Turanci aka rubuta su. Filin Hausa har yanzu da sauran wuri mai yawa.

Ina zan sami tsofaffin littattafan, kuma ya halatta in fassara su?

Na Shelley da Verne da Wells suna nan kyauta a shafin Project Gutenberg, za ka iya sauke su a waya. A dokar Najeriya haƙƙin mallakar littafi yana ƙarewa shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Shelley ta rasu a 1851, Verne a 1905, Wells a 1946, saboda haka za ka iya fassara su ko ka gina sabon labari a kansu. Ka lura da abu ɗaya: Verne da Faransanci ya yi rubutu, kuma sabuwar fassarar Turanci tana da nata haƙƙin, don haka ka yi aiki da tsohuwa. Abubakar Imam kuwa a 1981 ya rasu, littattafansa suna da masu su. Ka saya a shagon littattafai, kada ka yaɗa kwafin sata a WhatsApp.

Na gama rubuta nawa. Ina zan kai shi?

Kada ki fara da littafi mai juzu'i uku. Ki fara da gajeren labari, abu ɗaya da aka canza, gida ɗaya da abin ya shafa. Ki karanta shi da ƙarfi a gaban mutum biyu: wanda ya san aikin ƙarfe ko inji, da wata tsohuwa da ta iya tatsuniya. Na farko zai nuna miki inda na'urarki ta yi ƙarya, ta biyu za ki gani a fuskarta inda labarin ya yi sanyi. In kin gyara, akwai gasar Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016 domin mata, akwai Wattpad da zaurukan marubuta na Facebook, akwai kuma mujallar Omenana ta intanet ga mai iya mayar da nasa Turanci. Mu kuma a nan muna zama ranar Asabar bayan la'asar. Ki zo da kwafi biyu, ɗaya a hannunki, ɗaya na wanda zai bi ki da biro.